A Nema Wa Ruwa Mahuta

Wanda duk ya san kudancin Kaduna shekara 40 da suka wuce, in ya bi hanyar Kachia yau, ya wuce Sabon Tasha ya isa Mahuta, lalle sai ya yi ta waige-waige yana neman alamar da zai gane wurin da ita. Inda ya bar gonakin dawa da doya, da kurmi a bakin rafi, yanzu ba abin da ido ke gani sai kwanon rufi yana ƙyalli. Tun da aka buɗe matatar mai a 1980 mutane suka soma gangarowa wannan yanki na ƙasar Chikun, sa'an nan ƙaurar da jama'a suka yi bayan rikicin 2000 ta ƙara cika shi. Mu ba mu ƙi wannan ba. Gari ya yi girma, talaka ya sami inda zai sa haƙarƙarinsa, ai abin godiya ne. Amma akwai tambaya guda wadda ba mu taɓa jin mai sayar da fili ko mai saye ya yi ba, watau, ruwan saman da ke sauka a gonakin nan a da, ƙasa ta shanye, yanzu ina ya ke zuwa?

Amsar ba ta da wuya: yana gangarawa kan wanda ke ƙasa. Rafukan wannan yanki, da Romi babbansu, duk Kogin Kaduna su ke nufa, kuma kafin su kai can sai sun ratsa ta bayan gidajen mutane. Bari mu ba malaman makaranta lissafin da za su ɗora wa yara a allo. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, in aka yi ruwa na inci 2, watau milimita 50, zai zubo da lita 5,000, duro 25 ke nan. Gida 1,000 sun zubo da lita miliyan 5 a dare guda. A da wannan ruwa yana faɗa wa ganye ne, ya tsiyaya cikin ciyawa, ya kwanta tsakanin kunya da kunya, galibinsa ya nutse. Yau kuwa daga kwano sai indararo, daga indararo sai tsakar gida mai daɓen siminti, daga nan sai rariya, sai titi, sai rafi, ba inda ya tsaya ya numfasa.

Abin da ke faruwa a ɗan rafin Mahuta shi ne ke faruwa a babban kogin, sai dai girma ya bambanta. Mutanen Kigo Road, da Unguwan Rimi, da Malali, da Barnawa ba su manta da watan Agusta na 2003 ba, sa'ad da kogi ya bar makwancinsa ya shiga ɗakunan kwana. Ya sake yi a 2012, ya kuma yi a 2015. Kowane karo mun san abin da ke biyo baya. A zo jaje, a raba shinkafa da tabarmi da bandir na kwano, a kafa kwamiti, a yi maganar yashe kogi da gina bango a gaɓarsa. Da kaka ta yi, hunturu ya busa, sai magana ta bi iska. Ba mu ce yashe kogi ba shi da amfani ba. Abin da mu ke cewa shi ne, wanda ya tsaya a gadar Kaduna yana jiran ambaliya domin ya yi faɗa da ita, ya makara, gama ba a nan aka haife ta ba.

Kogin Kaduna a kan tudun Jos ya ke ɓulɓulowa, kusa da Vom. Ya gangaro ya nufi arewa maso yamma, sai da ya zo kamar mil 22 arewa maso gabas da garin Kaduna sa'an nan ya yi gwiwa ya juyo kudu, ya ratsa gari, ya wuce Shiroro da Zungeru, har ya faɗa Kwara daura da Pategi. Tafiyar mil 340 ke nan, watau kilomita 550. A hanya yana karɓar Galma daga wajen Zariya, da ɗaruruwan rafuka waɗanda ba su da suna sai a bakin mutanen da ke wanka cikinsu. Ruwan da ke shiga ɗakin mutumin Kigo Road, mai yiwuwa ne kwana biyu ko uku kafin nan a gonar wani ya sauka, a gindin dutse, inda ba a taɓa jin sunan Kigo Road ba.

To, a nan ne mu ke so masu karatu su natsu. Ba yawan ruwa kaɗai ke kawo ambaliya ba, haɗuwarsa a lokaci guda ita ce masifa. Kowane hedimasta ya san haka. In aka kaɗa ƙararrawar tashi, yara 600 suka ruga ƙofa guda gaba ɗaya, sai an tattake wani. In kuwa aka sallame su aji-aji, su ɗin nan 600 za su fita ta ƙofar nan ba wanda ya yi ko tuntuɓe. Gadar Kaduna ita ce ƙofa, rafuka su ne azuzuwa. Aikin da ke gabanmu shi ne mu sa kowane rafi ya yi jinkiri kaɗan, wannan na sa'a biyu, wancan na wuni, domin kada su iso tare.

Allah kuwa ya riga ya yi wa ruwa masaukai a hanyarsa, mu ne muka rushe su. Ƙasa mai itace da ciyawa masauki ce, domin saiwa tana huda ta, ruɓaɓɓen ganye yana riƙe laima. Rafi mai lanƙwasa, wanda kututture ya faɗa ciki, gora da tukurwa suka rufe bakinsa, shi ma masauki ne, ruwa ba ya samun gudu a cikinsa. Amma babban masauki duka shi ne fadama. Fadama ɗakin baƙi ne na kogi. In ya cika ya batse sai ya shiga nan ya shimfiɗa ƙafa, ya ajiye lakar da ya ɗauko, ya kwana uku ko bakwai, sa'an nan ya janye a hankali. Wanda ya cike fadama da ɓaraguzai ya yi gini, ya tare ɗakin baƙo ne, shi kuwa wannan baƙo ba ya fasa zuwa, ba ya kuma sallama.

Dubi abin da mu ke yi wa sauran masaukan. Masu gawayi sun bi kurmin bakin rafi sun kwantar, domin nan ne manyan itatuwa suka rage. A kan cinna wa daji wuta da rani saboda gafiya da zomo, ruwan fari ya zo ya tarad da ƙasa tsirara. Manomi ya kai garmarsa har leɓen rafi, ya kuma ja kunyarsa ta bi gangare maimakon ta gicciye shi, kowace kunya ta zama lambatu. Masu tifa suna kwasar yashi daga gindin gaɓa har ta zube. Sa'an nan a cikin gari, in rafi ya dame mu, sai mu miƙe shi sambal mu yi masa riga ta kankare, mu ce mun yi maganin ruwa. Ba mu yi maganinsa ba, mun dai sa masa takalmin gudu ne, muka aika wa maƙwabcinmu na gangare.

Wannan ɓarna ba a kan gidaje kaɗai ta tsaya ba. Sunayen garin nan da kansu shaida ne a kanmu. An ce Kaduna daga kada ta samo suna, saboda yawan kadojin da ke cikin kogin. Akwai Rafin Guza, akwai Unguwan Rimi. A tambayi yaron makaranta na yau ko ya taɓa ganin guza a Rafin Guza. Masunta sun sani tarwaɗa ba a tsakiyar kogi ta ke zuba ƙwai ba, sai ruwa ya hau ciyawar fadama ta bi shi ta zuba a can, 'ya'yan su yi wayo cikin ciyawa inda manyan kifaye ba su kai gare su. Gaiwa cikin lakar fadama ta ke shiga ta yi rani. Karfasa da kurungu suna bukatar gurbi mai zurfi da inuwa, wanda ba ya ƙafewa a watan Maris. In aka sare itacen gaɓa, yashi ya gangaro ya cike gurabun, aka kuma gine fadama, ina kifi zai hayayyafa? Zalɓe da balbela su ma sai su yi ƙaura. Yashin nan kuwa da ya bar gonar talaka bai ɓace ba, yana can yana taruwa a gindin tafkin Shiroro, wanda aka gama a 1990 domin ba ƙasa wutar lantarki, yana rage masa ciki kowace shekara.

Har wa yau, ruwan da ƙasa ba ta sha da damina ba, shi ne wanda matan Mahuta za su nema a rijiya da bazara su rasa. Kaduna tana samun ruwan sama wajen milimita 1,200 a shekara. Rufin nan da muka yi misali da shi yana zubar da duro 600 ke nan kowace damina, mai gidan kuwa in rani ya tsananta sai ya sayi ruwa a hannun 'yan garuwa. Ambaliyar Agusta da ƙafewar rijiyar Maris ciwo ɗaya ne.

Kada wani ya ce wannan zancen takarda ne, gama an gwada an gani. A ƙasar Ingila akwai wani ɗan gari a Yorkshire, ana ce da shi Pickering, a gindin tuddai, wanda ruwa ya ci sau huɗu tsakanin 1999 da 2007. Suka nemi a gina musu bango, hukuma ta auna ta ce kuɗin ya fi ƙarfin garin. Sai suka haura tudu. Suka dasa itatuwa, suka gicciya gumagumai cikin rafuka fiye da wuri 100, an ɗaure su yadda ruwan yau da kullum zai wuce ta ƙarƙashi, kifi ma ya wuce, amma in rafi ya kumbura sai su tare shi ya bazu cikin daji. Suka toshe ƙananan kwaruruka a kan tudu, suka kuma yi tudun ƙasa guda a saman gari mai riƙe ruwa kubik mita 120,000. A watan Disamba na 2015, sa'ad da ruwa ya shiga biranen York da Leeds, Pickering ta kwana a bushe. Gaskiya ita ce ruwan da ya sauka a kansu a wannan karo bai kai na wasu wurare ba, masu bincike kuma sun ƙiyasta aikin ya rage tsayin cikowar ne da kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Amma wanda ruwa ya taɓa tsayawa a dokin ƙofarsa ya san abin da taƙi guda ke nufi.

Ba ma sai mun je Turai ba. 'Yan'uwanmu na ƙasar Adar a Jamhuriyar Nijar sun riga mu. A Keita, cikin jihar Tawa, tun daga 1984 aka soma aikin raya tuddai da taimakon Italiya, mutanen ƙauye kuwa, galibinsu mata, su suka ɗauki duwatsu a ka. Suka jera su a gicciyen gangare, suka haƙa ramuka masu kama ruwa, suka yi ƙananan madatsai cikin ƙoramu, suka dasa miliyoyin itatuwa a faƙon da a da ko akuya ba ta tsayawa. A ƙasar Maraɗi da Damagaram kuwa ko dashe ba a yi ba. Tun daga wajen 1984 manoma suka koma barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, su zaɓi biyu ko uku su yi musu aski, su sare sauran. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200 suka tashi ta haka a fili mai faɗin kadada miliyan 5. In mutanen da ruwan samansu bai kai rabin namu ba sun iya wannan, mu da toho ke fitowa ko ba a roƙe shi ba, mene ne hanzarinmu?

Mun san akwai masu ja, kuma wasu daga cikin hujjojinsu masu nauyi ne. Za su ce gungume da ciyawar jema ba su tare ruwa irin na 2003. Haka ne. In ƙasa ta riga ta ƙoshi, aka kwana uku ana zuba ruwa, sai kogi ya fita ko da an dasa itace a kowane taku. Saboda haka ba za a daina gyaran kwalbati da gada ba, ba kuwa za a daina gargaɗin mutanen bakin kogi su tashi ba. Amma su ma masu son babbar madatsa su tuna da Bagauda da ta fashe a 1988, da Alau da ta ɓalle ta ci Maiduguri a watan Satumba na 2024. Ƙaramin shinge in ya karye, gona guda ya ɓata. Za su ce kuma gungumen da ba a ɗaure da kyau ba ruwa zai ɗauke shi ya toshe gada. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa aikin ke bukatar injiniya da malamin daji, da wanda zai riƙa zagayawa dubawa bayan kowace damina.

Hujjar da ta fi damunmu ita ce ta adalci. Manomin tudu shi za a ce ya bar taku 20 a bakin rafi ba noma, mai gawayi ya ajiye gatarinsa, amfanin kuwa mutumin birni zai fi kwasa. Ba a yi wa mai jin yunwa wa'azin kogi. In ana so ya bar gaɓa, sai a ba shi abin da gaɓar za ta ciyar da shi: gora da tukurwa na sayarwa, mangwaro da gwaiba a sahun baya, maɗaci da malmo da giyayya a bakin ruwa, a kuma biya shi ladan tsaro. Masu lambu a fadama kuwa kada a kore su da sunan gyara. Su ne ma suka tsare mana abin da ya rage, domin gonar alayyafo da tumatir ba ta hana kogi kwanciya, bene ne ke hanawa. Akwai kuma matsalar tsaro. Ba mu manta da ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka da aka sace a watan Maris na 2021 ba, mun kuma san an sha wuya a dazuzzukan Chikun da Kajuru. Wannan dalili ne na a fara daga kusa, inda ƙafa ke iya zuwa, ba dalilin naɗe hannu ba.

Kuɗi ma ba a rasa ba ɗungum. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya ba rancen dala miliyan 700, an yi shi ne domin jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma raya magudanan ruwa tun daga tudu yana cikin manufarsa. Roƙonmu ga masu riƙe da shi shi ne, kada duka ya ƙare a manyan ayyukan kankare waɗanda a ke yanka wa ƙyalle. Kuma in za a biya kuɗin itace, a biya bisa wanda ya rayu shekara uku, ba bisa wanda aka dasa ranar biki ba. Mun sha ganin dashen da aka yi wa tafi da safe, akuya ta yi kalaci da shi da maraice. Tun da ya ke kuma kogin ya ratsa Filato da Kaduna da Neja, ya kamata jihohin nan uku su zauna tare da hukumar raya kogunan Kwara ta Sama da ke Minna, gama ruwa bai san iyakar jiha ba.

Amma maganarmu ta fi karkata ga akawuna da magatakardan hakimai da ma'aikatan ƙananan hukumomi, domin a teburinku ne fadama ke mutuwa. A zamanin En'e, kafin gyaran mulkin ƙananan hukumomi na 1976, akwai gandun daji da malaman daji, gandun Afaka ma tun 1954 aka keɓe shi, mutum kuwa ba ya sa wa ɗorawa ko kaɗanya gatari sai da izini. Ba mu ce komi na wancan zamani daidai ne ba, talakawa sun sha tara, wata ma ba bisa ƙa'ida ba. Amma an san akwai wurin da ba na sayarwa ba ne. Yau takardar cinikin fili ta kan zo gabanku da hannun mai unguwa da na shaidu, ku buga hatimi, ba wanda ya tambaya ko wurin makwancin ruwa ne. Mai saye baƙo ne, da rani ya zo ya ga fili shimfiɗe, ƙasa baƙa, ga araha. Mai sayarwa ya sani, mai unguwa ya sani, ku ma sau da yawa kun sani. Dokar filaye ta 1978 ta ce ƙasa amana ce a hannun hukuma domin amfanin jama'a duka. Hukumar KASUPDA ba ta da ido a kowane lungu, in ta zo rusau kuwa an riga an yi asara. Ku ne a wurin tun kafin a sa harsashi.

Abin da mu ke ba da shawara ba ya cin kuɗi. Kowace gunduma ta buɗe littafin fadamu da rafuka. A ɗauki dattawan Gbagyi da suka noma wurin, da Sarkin Noma, da mai unguwa, a bi rafi da ƙafa su nuna iyakar inda ruwa ya kan kai a babbar damina, a kafa turaku, a shafa musu jan fenti, a rubuta. Takardar filin da ta faɗa cikin turaku kada ta sami hatimi. Wanda kuma zai yi sabon gini a tudu, a sharɗanta masa ya bar wani sashe na tsakar gidansa ba siminti, ya haƙa ramin shan ruwa a ƙarƙashin indararo ko ya ajiye tanki. A Mahuta da Kamazou da Rido da wajen Kujama akwai sauran wuraren da ba a gine ba tukuna, nan ne wannan littafi zai yi rana. In an ƙara shekara 10 sai dai a rubuta tarihi.

Ku kuwa malaman makaranta, ku nemi gwangwani mai miƙaƙƙen ciki ku kafa a fili, yara su riƙa auna ruwan kowane dare da rula suna rubutawa. Ku zana ma'auni a jikin kwalbatin da ke kusa da ku, a riƙa duba sa'a nawa rafi ke yi kafin ya cika bayan an ɗauke ruwa, da sa'a nawa kafin ya sauka, amma babba ya raka su, kada a bar yaro shi kaɗai a bakin ruwa. Ku yi ɗan lambun renon maɗaci da gora da jema a bayan aji. Da rani a ke jera duwatsu a bakin kwari, dashe kuma sai ruwa ya zauna, wajen watan Yuni. A zaɓi rafi guda a ƙasar Mahuta a fara da shi, a bar na kusa da shi yadda ya ke domin a sami abin kwatantawa, a auna su duka biyu damina uku. Makarantar da ta yi haka ta aiko mana da lissafinta, za mu buga shi a wannan shafi da sunanta.